Matsin lamba a wurin aiki da tallata haja

Matsin lamba a wurin aiki da tallata haja na daga cikin abubuwan da masana harkar gudanarwa ke dubawa idan suna son gane dalilin da ya sa wani kamfani ke bunƙasa, wani kuma ke ja da baya. Matsin lamba shi ne halin da ma'aikaci ke shiga idan abin da ake nema daga gare shi ya fi ƙarfinsa, ko lokacinsa, ko kayan aikin da aka ba shi. Talla kuwa ta haɗa duk hanyoyin da kamfani ke bi don jawo mai saye. A makarantun koyon kasuwanci kowanne da darasinsa daban, amma a bakin aiki a haɗe suke, domin duk alkawarin da talla ta ɗaukar wa mai saye, ma'aikaci ne zai cika shi.

Abin da masana suka gano game da matsin lamba

Tun a 1908 Robert Yerkes da John Dodson suka yi gwaji da ɓeraye, wanda daga baya aka gina wata fahimta a kansa: ɗan matsi yana zaburar da mai aiki, amma idan ya wuce kima sai ƙwazo ya faɗi. A 1979 Robert Karasek ya ƙara wani abu da ya fi amfani ga masu tafiyar da ma'aikatu. Ya nuna cewa yawan aiki kaɗai ba shi ne babbar illa ba. Wanda ya fi shan wuya shi ne wanda aka lafta wa aiki, sannan aka hana shi ikon yanke shawarar yadda zai yi shi. Johannes Siegrist kuma, a 1996, ya mayar da hankali kan mutumin da ke zubar da gumi mai yawa alhali albashi da girmamawa da tabbacin aikin da yake samu ba su taka kara sun karya ba.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana matsananciyar gajiyar aiki a bugu na 11 na kundinta na jerin cututtuka a matsayin matsalar da ke tasowa daga wurin aiki, ba cuta mai zaman kanta ba. Wani nazari da ta fitar tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2021 ya ƙiyasta cewa aikin sa'o'i 55 ko fiye a mako ya yi sanadin mutuwar mutum 745,000 a 2016, ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. A wajen kamfani kuwa, asarar takan zo ta hanyar fashin aiki, yawan kuskure, da ajiye aikin ƙwararrun da aka kashe kuɗi wajen horar da su.

Talla

A 1960 Jerome McCarthy ya kasa harkar sayar da kaya gida huɗu: hajar kanta, farashinta, inda ake samunta, da tallarta. Tallar ta ƙunshi sanarwa a rediyo da talabijin da intanet, rangwame, garaɓasa, da tura wakilai su sami mutum har inda yake. Tasirinta a bayyane yake. Lokacin da Globacom ya shigo kasuwar wayar salula ta Najeriya a 2003 da tsarin cajin kira bisa daƙiƙa maimakon minti, sai da kamfanonin da suka riga shi suka bi sahu. Sai dai garaɓasa tana da halinta: takan ɗaga ciniki na ɗan lokaci, kuma idan ta yawaita sai masu saye su koyi jira har a sake karya farashi.

Inda suka haɗu

Bankunan Najeriya misali ne na kusa. A watan Yulin 2004 Babban Bankin Najeriya, a zamanin gwamnansa Charles Soludo, ya ɗaga mafi ƙarancin jarin banki daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25, kuma zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25. Gasar neman kuɗin ajiya ta yi zafi. Aka riƙa shirya garaɓasar da mai ajiya zai iya cin mota ko firji ta hanyar ƙuri'a, aka kuma gindaya wa ma'aikata adadin kuɗin da za su kawo, abin da suke kira tagat. Duk ɗan kasuwar da ke Kantin Kwari ya san su: matashi sanye da kwat da lakataye cikin zafin Kano, fom ɗin buɗe asusu a hannu, yana bin rumfa rumfa yana cewa, "Alhaji, a taimaka a ajiye ko kaɗan ne kafin ƙarshen wata." Wani Alhajin yakan tausaya ya zuba kuɗi, wata na kamawa ya kwashe abinsa. A takarda an cika tagat, amma bankin bai ƙaru da komai ba.

Yadda irin wannan tsari ke ƙarewa idan ya yi tsanani ya fito fili a Amurka. Bankin Wells Fargo ya daɗe yana alfahari da burin sayar wa kowane gida nau'in hulɗar banki har takwas. Ma'aikatan da ke tsoron kora suka shiga buɗe wa mutane asusu da katin bashi ba da saninsu ba. A watan Satumban 2016 hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185, lokacin an riga an sallami ma'aikata kimanin 5,300. Abin lura shi ne, ƙananan ma'aikata aka fara kora, alhali ba su suka yanka adadin ba. Shugaban bankin, John Stumpf, ya sauka a watan Oktoba na shekarar, bankin ya soke tsarin tagat a rassansa, kuma daga baya adadin asusun da ake zargin na bogi ne ya kai kusan miliyan 3.5. A 2020 ya amince ya biya wasu dala biliyan 3 don kashe maganar da hukumomin tarayya.