Kallon Tsuntsaye da Jerin Nau'o'insu

Kallon tsuntsaye shi ne bibiyar tsuntsayen da ke rayuwa a sake domin gane nau'insu da halayensu, ba tare da kamawa ko harbi ba. Mai wannan aiki yakan dogara da madubin hangen nesa da littafi mai ɗauke da zanen tsuntsaye, sai kuma kunnensa, domin a cikin kurmi sau da yawa kuka kaɗai ke bayyana tsuntsu. Al'adar ta yi ƙarfi a Ingila da Amurka tun ƙarshen ƙarni na 19. A shekarar 1900 Frank Chapman, masanin tsuntsaye ɗan Amurka, ya kawo shawarar a riƙa ƙidayar tsuntsaye lokacin Kirsimeti maimakon gasar harbinsu da aka saba, kuma har yau ana yin wannan ƙidaya kowace shekara.

Yawancin masu kallo suna rubuta duk nau'in da suka taɓa gani a rayuwarsu, wasu kuma suna ware jeri na shekara ko na ƙasa guda. Phoebe Snetsinger, 'yar Amurka, ta ga fiye da nau'i 8,000 kafin rasuwarta a Madagaska a 1999.

Sai dai irin wannan jeri ba ya tsayuwa sai bisa rabe-raben da masana suka yi. Tushen tsarin shi ne aikin 1758 na Carl Linnaeus, masanin halittu ɗan Sweden, wanda ya ba kowace dabba suna mai kalma biyu da Latinanci, ta farko ta rukunin nau'o'i masu kusanci da juna, ta biyu ta nau'in kansa. Jimina, alal misali, ita ce Struthio camelus. A yau ana ƙidaya nau'o'in tsuntsaye kimanin 11,000, amma adadin ba ya zama wuri ɗaya, saboda masana sukan raba nau'i guda gida biyu ko su haɗe biyu su zama ɗaya. Jiminar Somaliya ta daɗe ana ɗaukarta reshen jiminar da aka sani, har sai da ƙungiyar kare tsuntsaye ta BirdLife ta amince a 2014 cewa nau'i ce mai zaman kanta, don haka wanda ya taɓa ganin su biyun ya sami ƙari a jerinsa yana zaune a gida. Binciken ƙwayoyin gado ya ma sauya abin da ido ya saba yarda da shi, domin ya nuna cewa shahon dangin Falconidae ya fi kusa da aku a kan shirwa, duk da kamar da ke tsakaninsa da ita. Saɓanin da ke tsakanin manyan jeri uku na nau'o'in tsuntsayen duniya da masana ke amfani da su, wato na IOC (ƙungiyar masana tsuntsaye ta duniya) da wanda ake kira Clements da na BirdLife, shi ya sa aka fitar da jerin bai-ɗaya mai suna AviList a 2025.

Amfanin jeri ga kimiyya ya fi fitowa idan an rubuta wuri da rana da adadin kowane tsuntsu, har da waɗanda aka saba gani kullum, domin raguwarsu ce ke fara nuna lalacewar muhalli. Tun 2002 manhajar eBird ta Jami'ar Cornell ke tattara irin waɗannan bayanai, kuma da su ake zana taswirar ƙaurar tsuntsaye tsakanin nahiyoyi.