Wai mene ne HbA1c, kuma me ya sa yake rufe ciwon suga a jikin wasu mutanen Asiya?

Duk mai ciwon suga, ko wanda ya taɓa raka mai shi asibiti, zai yi wuya bai ga wannan rubutun a takardar gwaji ba: HbA1c. Likitoci kan ce masa awon suga na wata uku. Hb ɗin hemogulobin ne, sinadarin nan da ke sa jini ya yi ja kuma yake ɗaukar iska zuwa sassan jiki, A ɗin kuma irin hemogulobin da yawancin manya ke da shi ne, 1c kuwa lakabin ɓangaren da suga ya manne wa ne kawai. Ku riƙe wannan A ɗin, za mu dawo kansa.

Abin da mutane ba su cika lura ba shi ne wannan awon ba sugan da ke yawo a jini yake ƙirgawa kai tsaye ba. Yana duba yawan sugan da ya like a jikin jajayen ƙwayoyin jini ne, su kuma ƙwayoyin nan kimanin kwana 120 suke rayuwa kafin jiki ya sauya su da sababbi. Kamar dai a ce kana son sanin yawan ƙurar hunturu sai ka duba rigar mutum. In kowa sati guda yake yi da riga kafin ya cire, lissafinka zai fita daidai. To amma in akwai wanda kullum sai ya sauya riga fa? Za ka ganshi fes ka ce ai unguwarsu ba ƙura, alhali ƙurar ta fi ta kowa yawa.

A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi amfani da shi wajen gano ciwon suga, in ya kai kashi 6.5 cikin ɗari. Kuma gaskiya awo ne mai daɗin sha'ani, ba sai ka kwana da yunwa ba, ba ruwansa da ko ka sha shayi da safe. Wani abin mamaki, wanda ya fara lura da cewa yana hawa a jinin masu ciwon suga likita ne ɗan Iran, Samuel Rahbar, a 1968, kuma lokacin yana farautar nau'o'in hemogulobin na gado ne. Yau ga shi waɗannan nau'o'in ne ke rikita awon.

A Tailan da Kambodiya da Lawos, har zuwa Bangaladash da jihar Assam ta Indiya, akwai wani hemogulobin na gado da ake kira E, ya yi yawan da a wasu yankuna na kan iyakar Tailan da Kambodiya kusan rabin mutane na ɗauke da shi. Yawancinsu lafiyarsu ƙalau, ba su ma san da shi ba. Amma wasu injinan gwaji in suka ci karo da E ɗin nan sai su rikice, wani ya ba da lamba sama wani ƙasa, jini ɗaya mutum ɗaya amma lab biyu sakamako biyu. Wanda kuma ya gaji E daga uwa da uba duka, shi ai ba shi da A ɗin ma sam, to me za a auna? A Punjab kuma nau'in D ne, ga talasimiya, wani ciwon ƙarancin jini na gado, da ta bazu daga Pakistan har kudancin China, ita ma tana taɓa tsawon ran ƙwayoyin jini.

Wanda ya fi ba ni tsoro dai shi ne ƙarancin G6PD, saboda shi inji ba ya nuna wata alamar rikicewa, lamba ce mai kyau za ta fito tsaf, kowa ya yi hamdala ya tafi gida. G6PD wani sinadari ne da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, in ya yi ƙaranci sai su riƙa mutuwa da wuri, suga bai gama likewa ba an sauya su, wato mai sauya riga kullum ɗin nan kenan. Ta wajen uwa namiji ke gadonsa shi ya sa ya fi kama maza, kuma ana ƙiyasin mutum kusan miliyan 400 ne ke da shi a duniya. Har sunayen garuruwa aka raɗa wa ire-irensa: Canton da Kaiping a kudancin China, Viangchan a Lawos da Kambodiya, sai Mahidol, shi kuma sunan wata jami'a ne, a Myanmar da Tailan.

Ku ɗauka ga wani magidanci a birnin Yangon na Myanmar, yana da ƙarancin G6PD bai sani ba, ƙishirwa ta dame shi, dare ɗaya ya tashi fitsari sau huɗu sau biyar, wandonsa ya fara yi masa yawa. An ɗebi jini, takarda ta fito da 5.9. Aka ce masa bai kai ba tukuna, ya rage zaƙi ya dawo baɗi. Shi kuwa suga na can yana cin jijiyoyin ido da ƙoda da tafin ƙafa a hankali. Da an soka masa ɗan yatsa an ɗiga jinin a ƙaramin injin nan, wataƙila 200 da wani abu za a gani. Haka wanda ya riga ya fara shan magani, lambar za ta riƙa nuna komai daidai, likita ya ƙi ƙara masa magani.

A gabashin Landan ma, binciken Genes & Health da ake yi kan 'yan asalin Bangaladash da Pakistan ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PIEZO1 da ke saukar da lambar ba tare da sugan ya sauka ba. Sannan ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, wanda ya yi katutu a tsakanin matan Indiya, shi kuma sama yake tura ta, duk da shi ba gado ba ne.

Ni dai a ganina laifin ba na awon ba ne, na ɗaukarsa a matsayin alƙali na ƙarshe ne. Manyan binciken da aka gina shi a kai galibi a Amurka da Turai aka yi su. In lamba ta saɓa da abin da jiki ke faɗa, akwai awon suga na safe kafin a ci komai, wanda 126 zuwa sama ke nuna ciwo, akwai na shan ruwan gulukos giram 75 a jira awa biyu a ga ko ya kai 200, akwai kuma furuktosamin mai duba sati biyu zuwa uku wanda ba ruwansa da ƙwayoyin jini.

Kar kuma wani ya ce ai maganar mutanen Asiya ce. Zazzaɓin cizon sauro ne ya yaɗa waɗannan nau'o'in jini a can, don masu ɗauke da su sun fi tsira daga gare shi, kuma shi ne dai ya bar mana sikila da AS da AC da ƙarancin G6PD a nan Afirka. Wani babban bincike na 2017 ya nuna irin G6PD na Afirka kan rage HbA1c na namiji da kusan 0.8, wato mai 6.8 sai a ga 6.0. In an miƙo maka takardar awon wata uku, faɗa wa likita jinotayib ɗinka tun kafin ya tambaya, in kuma an taɓa ce maka wani magani ya sa idonka ya yi shawara ko fitsarinka ya yi baƙi, shi ma ka faɗa, don yana iya zama alamar ƙarancin G6PD.