Gwajin sauƙin amfani da rumbunan bayanai na intanet: tambayoyi da amsoshi daga Legas

Mene ne ake nufi da wannan gwaji?

Rumbun bayanai na intanet shafi ne da hukuma ko jami'a ko wata ƙungiya ke tara alƙaluma da taswirori domin masu bincike su ɗauka, kamar shafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ko taswirar OpenStreetMap. Gwajin sauƙin amfani kuwa shi ne a zaunar da mutumin da aka gina shafin dominsa, a ba shi aiki na zahiri, sannan a zuba ido a ga inda zai tafi sumul da inda zai cije. Shafin ake jarrabawa, ba mutumin ba, kuma ya kamata a faɗa masa haka tun farko domin kada ya ɗauka jarrabawar makaranta ce.

Wane irin aiki ake bai wa mai gwajin?

Aikin da ya yi kama da buƙatarsa ta gaskiya. Misali, a ce wa ɗalibin da ke nazarin kasuwar Mile 12 ya nemo yawan jama'ar yankin da kasuwar take. Nan take matsalar Legas za ta fito fili, domin jihar tana da ƙananan hukumomi 20 da kundin tsarin mulki ya sani, tana kuma da yankunan raya ƙasa 37 da gwamnatin jihar ta ƙirƙira a 2003. Mile 12 tana cikin ƙaramar hukumar Kosofe, amma a tsarin jiha tana ƙarƙashin Ikosi-Isheri. Idan shafin ya san suna ɗaya kawai, ɗalibin zai rubuta ɗayan ya tashi hannu wofi, alhali bayanin yana nan.

Akwai tarko na biyu wanda a ganina ya fi wannan haɗari. Ƙidayar 2006 ta ba Legas mutum miliyan 9 da 'yan kai, gwamnatin jihar kuwa ta ce sun haura miliyan 17. Shafin da ya nuna adadi ba tare da ya bayyana tushensa da shekararsa ba, zai bar mai bincike ya kammala aikinsa cikin sauri da farin ciki, amma da alƙaluman da bai san asalinsu ba. Don haka mai lura ba ya tsayawa kan ko an samo amsa. Yana tambaya ko an fahimci abin da aka samo.

Mutum nawa ake buƙata?

Ba su da yawa. Masanin fannin, Jakob Nielsen, ya bayyana a shekarar 2000 cewa mutum biyar sukan gano mafi yawan matsalolin shafi. Sai dai sharaɗin shi ne su kasance rukuni ɗaya na masu amfani, saboda haka malamin jami'a mai kwamfuta a Akoka ba zai wakilci sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa a Agege ba, wanda wayarsa ce ofishinsa kuma yana lissafin kuɗin data.

Yaya ake auna sakamako?

Ana ƙirga waɗanda suka kammala aikin, da mintocin da suka ɗauka, da kurakuran da suka yi, ana kuma roƙonsu su riƙa faɗin abin da ke ransu a fili yayin da suke aiki. A ƙarshe akan ba su tambayoyi goma kan yadda suka ji sauƙin amfani da shafin, da wani masani mai suna John Brooke ya tsara a 1986, waɗanda ke ba da maki daga 0 zuwa 100.

Waɗanne matsaloli aka fi gani?

Jadawalin da aka kulle a cikin PDF har sai an sake buga shi da hannu, taswira mai nauyi da ba ta buɗuwa a ƙaramar waya, da wurin bincike da ba ya gane Idi-Araba idan an rubuta ta Idi Araba. Na ƙarshen nan gyaransa ba shi da wuya, amma wanda ya gina shafin ba zai taɓa lura da shi ba, tunda shi kullum rubutun da ya saka yake bugawa.