Waiwaye: Tafin Ƙarshen Evangelion da Rigimar da Ta Shekara 25

Ranar Laraba 27 ga Maris 1996, da ƙarfe shida da rabi na yamma agogon Japan, tashar TV Tokyo ta nuna kashi na 26 na Neon Genesis Evangelion, wani shirin katun na Japan irin wanda ake kira anime, kuma kashin shi ne na ƙarshe. Tun 4 ga Oktoban 1995 masu kallo ke bin shirin mako-mako, kowa da tarin tambayoyinsa a ciki, suna jiran ranar da za a warware musu zare da abawa. Da ranar ta zo, abin da suka tarar shi ne yaro ɗan shekara 14 zaune a kan kujera cikin duhu, ana jefa masa tambayoyi da farin rubutu a kan baƙin allo. Me kake tsoro? Me ya sa kake raye? Can sai launi ya ɗauke, hoton ya koma zanen fensir a kan farar takarda. Daga ƙarshe duhun ya tsage kamar gilashi, sama ta yi shuɗi, duk mutanen labarin suka kewaye yaron suna tafi, kowa na ce masa "omedetou", wato barka. Ya yi murmushi ya gode musu. Rubutu ya fito: godiya ga uba, bankwana ga uwa, barka ga dukkan yara. Shi ke nan.

Wanda bai kalli kashi 24 na farko ba, da wuya ya gane abin da ya ɓata wa mutane rai. An kafa labarin ne a shekarar 2015, shekara 15 bayan wani bala'i a yankin Antaktika da ya halaka rabin mutanen duniya. Wasu halittu masu ban tsoro, waɗanda shirin ke kira Shito, suna kawo hari ɗaya bayan ɗaya a birnin Tokyo-3. Babu abin da ke iya tare su sai wasu ƙattai masu kama da mutum-mutumi da ake kira Eva, su kuma yara 'yan shekara 14 kaɗai ke iya sarrafa su. Shinji Ikari, yaron nan na kan kujera, yana cikin yaran. Mahaifinsa Gendo, shugaban hukumar NERV, ya yi watsi da shi tun yana ƙarami, bai neme shi ba sai ranar da yake buƙatar wanda zai shiga cikin Eva. A kan wannan aka riƙa ɗora asirai. Wace ce Rei Ayanami? Mene ne aka gicciye a can ƙarƙashin ginin hukumar? Su waye dattawan ƙungiyar SEELE, kuma wane irin shiri ne suke yi na narkar da rayukan 'yan Adam su zama abu guda? Matasa sun yi ta ɗaukar shirin a kaset suna maimaitawa, suna tsayar da hoto don karanta abin da ya gilma cikin daƙiƙa ɗaya. An ja musu rai wata shida, sannan kashi na 25 da na 26 suka shige cikin zukatan yaran suka rufe ƙofa. Abin da ke faruwa a waje sai dai a hango: manyan ma'aikatan NERV mata biyu, Misato a jingine da bango an harbe ta, Ritsuko kuma gawarta na yawo a kan ruwa, ba a ce ga wanda ya kashe su ba, ba a ce ga dalili ba.

Yawancin mutane sun ce kuɗi ne ya ƙare wa Gainax, kamfanin da ya shirya shirin. Abin da ya fi fitowa fili shi ne ƙarewar lokaci. Ana zana kashi ana kai wa tasha da kyar, kuma alamun sun bayyana tun kafin ƙarshe. A kashi na 22 Rei da Asuka, 'yan mata biyu da ke sarrafa Eva tare da Shinji, sun tsaya cikin lif kusan minti guda ba motsi ba magana. A na 24, Evan da Shinji ke sarrafawa ya riƙe Kaworu, sabon abokinsa da ya zamo Shito ne, a tafin hannunsa kimanin minti ɗaya, hoto a daskare, kiɗan Beethoven kawai ke tashi. Sai dai ƙarancin lokaci bai isa ya bayyana komai ba. Hideaki Anno, wanda ya ba da umarni, ya rubuta da kansa a watan Yulin 1995 cewa shi karyayyen mutum ne da ya yi shekara huɗu ba ya iya taɓuka komai, kuma halin da yake ciki ne yake son zubawa a shirin. Tun daga kashi na 16, inda Shinji ke gardama da kansa a cikin jirgin ƙasa da rana ta yi ja, labarin ya riga ya karkata daga yaƙi zuwa abin da ke cin zuciya. Ƙasar ma ba ta cikin natsuwa. A 17 ga Janairun 1995 girgizar ƙasa ta kashe mutum fiye da 6,000 a yankin Kobe, a 20 ga Maris kuma 'yan ƙungiyar Aum Shinrikyo suka saki gubar sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo. Tattalin arziki ya riga ya durƙushe. Matasan da ke kallon Shinji yana ce wa kansa kada ya gudu sun san abin da yake nufi.

Ƙura ta tashi nan take. A lokacin intanet bai yaɗu ba, amma akwai zaurukan hira ta kwamfuta irin na Nifty-Serve, kuma can aka fi ta da jijiyoyin wuya. Masu fushi suka ce an yi musu sakiyar da ba ruwa: an ɗauki alkawarin labari, an kasa cikawa, sannan aka fake da falsafa. Wasu suka ji kamar da su ake, kamar ana ce musu su kashe talabijin su fita su nemi abokai. Mai sharhi Eiji Otsuka ya kai kukansa jaridar Yomiuri Shimbun, daga nan maganar ta fita daga da'irar masoyan anime ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Abin da ya fi damun masu suka shi ne tafin nan, domin ya yi kama da tarukan "gyaran hali" da ake tara mutane a ɗaki, a karya musu zuciya, sannan a tafa musu. Shekara ɗaya bayan harin Aum, irin wannan kamanni ba abin wasa ba ne a Japan.

A ganina, masu ƙorafin suna da gaskiya a wuri guda. Wanda ya ba ka lokacinsa na wata shida yana da hakkin tambayar ina labarin da aka fara masa, kuma ba a ƙarasa labarin ba. Amma ban yarda cewa kashi na 26 fanko ne ba. Tambayar da shirin ya fara da ita tun ranar farko ita ce ko yaron da ubansa bai so shi ba zai iya yarda cewa ya cancanci zama a duniya. Wannan tambaya an amsa ta. Kafin tafin, Shinji ya furta da bakinsa cewa wataƙila zai iya son kansa, kuma ba laifi ba ne ya kasance a nan. Duk wanda ya taɓa zama da ɗan'uwa ko aboki mai ciwon damuwa ya san nauyin wannan magana, ya san kuma tsawon lokacin da ake ɗauka kafin ta fito.

Inda abin ya ɓaci shi ne lokacin da ƙorafi ya zama barazana. An aika saƙonnin kisa, an kuma ɓata bangon shagon Gainax da rubuce-rubuce. A bainar jama'a Anno ya nuna kamar ko a jikinsa, har ya kwatanta abin da ake rubutawa a zaurukan kwamfuta da rubutun bangon bayi. Sai a watan Maris na 2021, a wani shirin tashar NHK da ya bi aikinsa na shekaru, ya faɗi abin da ya faru da shi a ɓoye: ya ci karo da wurin da mutane ke tattauna hanyoyin da za a kashe shi, ya ji komai ya fita daga ransa, har ya yi tunanin halaka kansa. Mutumin da ya zana yaro yana koyon yadda zai rayu, masu kallonsa ne suka kusa tura shi rami. Cikin waɗanda suka riƙe hannunsa a lokacin akwai Hayao Miyazaki, fitaccen mai shirya finafinan katun, wanda Anno ya yi wa aiki yana matashi a fim ɗin Nausicaä na 1984.

Rigimar ba ta rage wa shirin kasuwa ba, ƙara masa ta yi. Da aka maimaita shi da tsakar dare, manya da ba su saba kallon katun ba suka shigo. A 1997 ya samu lambar yabo ta Nihon SF Taisho, wadda marubutan ƙagaggun labaran kimiyya na Japan ke bayarwa. Gainax kuma ya yi alkawarin sake kashi biyun ƙarshe. Fim na farko, Death and Rebirth, ya fito a 15 ga Maris 1997 ba a kammala shi ba: yawancinsa tariyar baya ce, sabon ɓangaren bai kai rabin sa'a ba ya yanke. Sai a 19 ga Yuli aka saki The End of Evangelion.

Wannan karon an nuna komai, kuma da yawa sun fita daga silima jikinsu a sanyaye. Sojoji sun kutsa NERV suna harbin ma'aikata har da waɗanda suka ɗaga hannu. Asuka ta farfaɗo ta yi faɗan da ya fi kowanne kyau a shirin, ita kaɗai da Eva tara, sannan aka yayyaga ta. Mutanen duniya suka narke suka zama ruwa. Ana tsakiyar haka sai fim ɗin ya bar zane ya koma hoton kyamara, ya nuna ɗakin silima cike da 'yan kallo, kamar an ɗora wa mai kallo madubi. Wasiƙu da saƙonni suka gilma a allo da sauri, wasu na yabo, wasu na tsinuwa. A ƙarshe Shinji ya zaɓi duniyar da mutane ke rabe, ko da za su ci gaba da cutar juna. Ya farka a bakin teku mai ja kamar jini, Asuka na kwance kusa da shi. Ya shaƙe wuyanta, ta ɗaga hannu ta shafa kumatunsa, ya sake ta ya fashe da kuka, ta ce "kimochi warui", kalmar da ke nufin ƙyama ko tashin zuciya. Fim ya ƙare, babu tafi babu barka.

Har yau akwai masu cewa ramuwar gayya ce Anno ya yi wa masoyan da suka zage shi. Hujjarsu tana da ƙarfi idan aka dubi madubin nan da wasiƙun. Amma rabin farko na fim ɗin an gina shi ne a kan rubutun asali na kashi na 25, wanda lokaci ya hana a zana, kuma zaɓin Shinji bai canja ba daga na talabijin. Shi ya sa wani ɓangare na masoya ke ɗaukar ƙarshen biyu a matsayin abu ɗaya, ɗaya daga ciki ɗaya daga waje. Gardamar ta tsallaka teku tare da kaset-kaset ɗin da aka fassara a Amurka da Turai, ta sake tashi sabuwa fil a Yunin 2019 da Netflix ya saka shirin, yara da ba a haifa ba a 1996 suka iso wurin tafin suka tambayi abin da iyayensu suka tambaya.

Anno bai bar maganar ba. Ya kafa kamfaninsa, Khara, a 2006, ya fara labarin daga tushe a finafinai huɗu. Na 2007 da na 2009 sun samu karɓuwa. Na 2012 ya yi tsallen shekara 14, ya jefa Shinji cikin duniyar da kowa ke fushi da shi ba wanda ya gaya masa dalili, masu kallo ma ba a gaya musu ba, aka sake komawa gidan jiya. Anno ya sake faɗawa ciwon damuwa, kamar yadda ya bayyana da kansa a 2015. Fim na huɗu bai fito ba sai 8 ga Maris 2021, bayan annobar korona ta ɗage shi, ya kuma tara sama da yen biliyan 10 a Japan. Wannan ma bai tsira ba. Wasu sun ji haushin cewa Shinji ya ƙare da Mari, wadda ba ta cikin shirin asali, maimakon Asuka ko Rei, har suka riƙa jan matar Anno cikin maganar. A watan Mayun 2021 Khara ya fitar da sanarwa cewa ana yi wa ma'aikatansa ɓatanci da barazana, kuma zai kai wa 'yan sanda. Bayan wutar da aka cinna wa ɗakin zane na Kyoto Animation a Yulin 2019, wadda ta kashe mutum 36, babu kamfanin da zai ƙara ɗaukar irin wannan saƙo da wasa.

Wuri ɗaya a fim ɗin 2021 ya fi tsaya mini a rai. Dab da ƙarshe, Shinji yana zaune shi kaɗai a bakin teku, sai launi ya fara zubewa, hoton ya koma layukan fensir, har da 'yan rubuce-rubucen masu zane a gefe. Abin da aka kira gazawa a 1996 ne ya dawo, a wannan karon cikin fim da aka yi shekaru ana yi, babu tashar da ke jiran kaset. Daga nan aka ga Shinji ya girma, sanye da kwat, zaune a benci a tashar jirgin ƙasa ta Ube-Shinkawa, a garin Ube na lardin Yamaguchi inda aka haifi Anno. Ya kama hannun Mari suka haura matakala a guje suka fita daga tashar, kyamara ta tashi sama ta nuna garin na gaske, da titunansa da hayaƙin masana'antunsa. Tun daga lokacin masoya ke hawa jirgi zuwa wannan ƙaramar tasha, su nemi bencin, su zauna a ɗauke su hoto.