Haɗa sarƙar ƙaramar tankar yaƙi gaɓa-gaɓa: tambayoyin da ake ta maimaitawa

Dole ne sai na haɗa gaɓoɓin nan ɗaya bayan ɗaya?

In haka kwalin ƙaramar tankar roba da ka saya don haɗawa ya zo, dole ne. Wanda ba zai iya ba ya nemi kwali mai sarƙar roba guda mai lanƙwasuwa, irin ta tsofaffin kwalayen kamfanin Tamiya.

Wane gam zan sa?

Mai ruwa-ruwa da ke narkar da roba, kamar Tamiya Extra Thin. Ban da sufa gulu. Yana kamawa nan take, sarƙar ta sandare tun ba ka kai ta kan tayoyi ba.

Sai na goge kowace gaɓa?

E, kowace ɗaya. Ɗan tsinin da ya rage inda ka yanke ta daga firam (robar da gaɓoɓin ke zuwa maƙale a jikinta) shi ke hana ta zama daram cikin 'yar'uwarta. Ka kankare da reza, ka bi da samfefa mai laushi. Masu tsallake wannan su ne ke dawowa suna kukan sarƙa ta karkace, alhali su suka jawo.

Gaɓa nawa ke kowane gefe?

Duba takardar cikin kwali. A tankokin gaske, Tiger I tana da 96, T-34 tana da 72, Sherman M4 kuma 79. A ƙaramar 1/35, wato wadda ta gaske ta ninka tsawonta sau 35, lissafin kan sauya da ɗaya ko biyu, don haka ka gwada a jikin tankar.

Yaushe zan naɗa ta kan tayoyi, kuma yaya zan sa ta yi sako-sako daidai?

Wannan ce tambayar da ta cancanci zama, kuma amsarta ta danganta da gam ɗinka, da zafin ɗakinka, da irin tankar. Ka fara manna salatif kan tebur, gefen danƙo yana sama, ka sa rula a gefe don layi ya miƙe. Jera gaɓoɓin da hantsaki, ka taɓa kowace mahaɗa da bakin burushin gam sau ɗaya kawai. Gam ya yi yawa, zanen gaɓar ya narke.

Sai jira. Yawanci minti 15 zuwa 30, amma lokacin zafi gam na saurin bushewa, kada ka dogara da agogo. Ɗaga ƙarshen sarƙar a hankali: in gaɓoɓi suna rabuwa, da saura, in ta lanƙwasu ba ta tsinke ba, lokaci ya yi, in ta ƙi lanƙwasuwa, ka makara, sai ka ɗan sake taɓa mahaɗun da gam ka jira su yi laushi.

Fara naɗi daga taya mai haƙora, domin ita kaɗai ce ba ta yarda da kuskure, kowane haƙori sai ya shiga raminsa. Kada ka manne tayar nan, haka ma tayar ɗaya ƙarshen mai ɗame sarƙa. A kwalaye da yawa hannun taya mai ɗame sarƙar yana juyawa, kuma da shi za ka cike giɓin rabin gaɓa in ƙarshen biyu sun ƙi haɗuwa. A T-34 gaɓa mai ƙaho da marar ƙaho ke bin juna, saboda haka bibbiyu ake ƙarawa ko ragewa.

Batun sako-sako kuwa, ka nemi hoton tankar gaske. Sarƙar Sherman a ɗame take, in ka sa ta yi ciki ka ɓata aikin. Ta Panzer IV tana ɗan saukowa tsakanin ƙananan tayoyin sama. Tiger I da T-34 ba su da waɗannan tayoyin, sarƙar tana kwanciya ne kan manyan tayoyin ƙasa. Cusa tishu ko guntun soso tsakanin sarƙa da jikin tanka ya riƙe siffar, ka bar ta ta kwana. Yawancin masu farawa suna wuce gona da iri, gara ka rage.

Na gama gefe ɗaya, sai na ga sarƙar ta juya baya.

Takardar ta nuna inda gaɓa ke fuskanta, ba ka duba ba. Wasu tankokin ma gaɓoɓin hagu daban ne da na dama, kada ka zube su wuri guda.

Fenti fa, kafin ko bayan?

Bayan ta bushe da siffarta. Ka yi ta gida biyu, na sama da na ƙasa, ka bar mahaɗa biyu ba gam. Sai ka zare, ka fesa, ka mayar.

Na shafa launin tsatsa sai ta tsattsinke. Ta lalace ke nan?

Kwantar da hankalinka, ba ta lalace ba. Tinar fentin mai ce ta shiga mahaɗun ta raunana su. Bar ta ta bushe sarai, kankare fentin wurin, sake gam. Nan gaba ka rage tina, kada ta taru a lungu.

Gaɓa ɗaya ta yi tsalle ta ɓace.

Yawancin kwalaye suna da rara. Ka yi aiki cikin faranti mai baki, kuma ka daina matse hantsaki da ƙarfi.

Gaɓoɓin ƙarfe sun fi?

Irin na kamfanin Friulmodel suna saukowa da nauyinsu, ba sai da dabara ba, amma suna da tsada. Za ka buɗe kowane rami da ɗan abin huda mai kaurin milimita 0.5, ka zura waya, ka yanke, ka ɗiga sufa gulu a bakin don kada ta zame. Koyi da na roba tukuna.