Idan Zuciyar Ɗalibi Ta Tsaya a Makaranta

A yawancin makarantunmu na Kebbi, idan yaro ya yanke jiki ya faɗi a filin ƙwallo ko wajen taron safe, an san abin da ke biyowa baya. Wani ya sheƙa masa ruwa, wani ya nemo albasa a shaƙa masa, wata ta ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. In abin ya ƙi, a ɗora shi a kan kabu-kabu a nufi asibiti. Idan suma ce ta yunwa ko zafin rana, zai farfaɗo ko ba a yi komai ba. Idan kuwa zuciyarsa ce ta tsaya, ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 da yankewar jini. Ko a cikin Birnin Kebbi makarantar take, da wuya a kai Asibitin Sir Yahaya kafin lokacin ya cika, balle a ce ƙauyen Ngaski ne ko Danko-Wasagu.

Ana ɗauka wannan matsalar ta tsofaffi ce da masu hawan jini. Ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji shekararsa 25 lokacin da ya faɗi a filin wasa na Legas a 1989, Najeriya na karawa da Angola, bai tashi ba. A 2021 irin haka ta sami Christian Eriksen na ƙasar Denmak, aka danna masa ƙirji nan take, aka sa masa na'urar farfaɗo da zuciya, daga baya har ya koma taka leda. A yaranmu akwai waɗanda aka haifa da matsalar ba a sani ba, akwai waɗanda ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba ya taɓa musu zuciya. Ga jan wutar lantarki, ga nutsewa a ruwa, wadda mutanen Yauri da Argungu ba sai an ba su labari ba.

Ga yadda ake ganewa. Ka girgiza kafaɗarsa, ka kira sunansa da ƙarfi. Idan bai motsa ba kuma ba ya numfashi, ko yana jan numfashi jefi-jefi kamar mai gargara, ka ɗauka zuciya ta tsaya. Wannan gargarar tana ruɗar mutane ƙwarai, su ce ai yana numfashi. Ka tura wani ya kira lambar gaggawa ta 112 ya nemo mota, ka kwantar da yaron rigingine a ƙasa mai tauri, ka ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirjinsa, ka riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Ga babba ko matashi, ƙirjin ya nutsa kamar santimita 5. Ga ƙaramin yaro hannu ɗaya na iya isa. Wanda ya koya zai hura iska a baki sau 2 bayan dannawa 30, musamman ga wanda aka tsamo daga ruwa. Kada tsoron karya haƙarƙari ya hana ka, haƙarƙari yana ɗoruwa.

Dannawar tana tura jini ne kawai zuwa ƙwaƙwalwa. Abin da ke daidaita bugun zuciyar da ya rikice shi ne na'urar farfaɗo da zuciya da ake kira AED, mai ba zuciya ɗan jan wutar lantarki. Ana manna faifanta biyu a ƙirji, ita da kanta za ta auna bugun, kuma ba ta sakin wuta sai in akwai buƙata. Duk mintin da ya wuce ba a sa ta ba, damar tsira na raguwa da kusan kashi 10 cikin ɗari.

Gwamnatin Ingila ta kammala raba wannan na'ura ga makarantun gwamnati a 2023, Denmak kuma ta wajabta koyar da danna ƙirji a makarantu tun 2005. Ina goyon bayan a sa kuɗin na'urar a kasafin ilimi na jiharmu, a fara da makarantun kwana. Amma a ganina horo ya kamata ya riga akwatin isowa. Mun san halinmu: a yi bikin raba kaya, a kulle su a ofishin shugaban makaranta, ya tafi da makulli. Batirin na'urar yana ƙarewa, faifan mannawa suna da wa'adi, zafin watan Afrilu yana lalata su, umarnin da take bayarwa kuma galibi da Turanci ne. Duk wannan sai an tanadar masa kuɗi da mai kula.

Sai batun 'yan mata. Faifan a fatar ƙirji ake manna su, kuma malami namiji zai yi ta jan ƙafa. Don haka a horar da malamai mata da matiron da manyan ɗalibai mata, wasu su kare da zani yayin da ake aikin.

Kwamitin iyaye da malamai ba sai ya jira Birnin Kebbi ba. Zai iya gayyatar ma'aikatan asibiti mafi kusa ko 'yan Red Cross su zo da mutum-mutumin koyarwa tun a wannan zangon karatu, a kuma maimaita kowace shekara saboda sababbin ɗalibai da malaman da ake sauya wa wurin aiki.