Fam 9.90 ɗin magani ba na likita ba ne

Mutane da yawa a Ingila sun ɗauka cewa fam 9.90 da majinyaci ke biya kan kowane magani aljihun likitan unguwa yake shiga. Ba haka ba ne. Kuɗin na hukumar lafiya ta NHS ne, inda likitan ne ya ba da maganin da hannunsa, asibitinsa karɓa kawai yake yi, a ƙarshen wata a cire shi daga abin da za a biya shi.

Kuma ba kowane likita ke ba da magani da hannunsa ba. Sai na karkara, ga majinyacin da gidansa ya fi nisan kilomita 1.6 daga kantin magani.

Abin da likitan ke samu kashi biyu ne. Ana mayar masa da kuɗin maganin, amma bayan an zaftare ragin da ake ɗauka dillalin da ya sayar masa da maganin ya yi masa, wanda kan kai kashi 11 cikin 100. In dillalin bai yi ragin ba, asara ta hau kansa. Sannan akwai ladan kowane magani, wanda gwamnati ke yankewa daga ƙayyadadden kasafi, kuma yana raguwa idan yawan magungunan da ya bayar ya ƙaru.